Bakin Jirgi a Ƙasar Tudu

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Madawa, mafi yawansu a Bangi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kuma ba na jin akwai karin maganar da ta fi wannan yawo a bakin iyayen yara da na malamai. Da ita uba yake miƙo ɗansa ranar ɗaukar sababbin ɗalibai, da ita kuma ake sallamar wanda ya girma bai yi karatu ba, a ce masa lokaci ya wuce. Abin da ya shafi tarbiyya na bar wa masana su yi ta muhawara a kai. Amma game da iccen kansa, wato wanda ake sarowa a daji, maganar ba ta cika ba, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da masassaƙi ya san haka. Makiyayi yakan ɗauki busasshiyar sanda karkatacciya, ya shafa mata mai, ya gasa ta a bakin wuta, ya taka ta da ƙafa har ta miƙe. Akwai kuma hanya ta uku, wadda babu ruwanta da ɗanyantaka ko wuta, ita ce nake so in yi magana a kanta. Na gan ta ne a hannun wani mutum da yake haɗa wa kansa jirgin ruwa a ɗakin ajiye mota.

Sai in fara da tunatar da mai karatu cewa mu mutanen tudu ne. Gulbin Tarka da ya ratsa ƙasar Madawa ba ya ɗaukar ruwa sai da damina, sa'an nan ya janye ya bar mana fadama da rijiyoyin da ake ban-ruwan albasa da su. Yaron Bangi yana iya girma har ya yi aure bai taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba. Abin da muka sani na ƙetare ruwa shi ne gora: mutum ya kifa cikinsa a kan babban gora, ya ɗaure tufafinsa a ka, ya yi ta harbin ruwa da ƙafa har ya kai wancan gefe. Kwalekwale kuwa sai wanda ya je tabkin Tabalak a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, ko Madarumfa a ƙasar Maraɗi, ko ya gangara Kabi da Yawuri wurin Sarkawa, waɗanda ruwa ne gonarsu. Saboda haka idan wani ya tambaya me ya haɗa tsohon malamin makaranta na Bangi da bakin jirgi, tambayarsa tana kan hanya.

A cikin shekarar 2019 na yi wata uku a birnin Nant na ƙasar Faransa, wurin ɗana da ke aiki a can. Maƙwabcinsa wani dattijo ne, likitan haƙori da ya ajiye aiki. Kullum da hantsi nakan ji ƙarar zarto daga gidansa, har ranar da ɗana ya kai ni muka gaisa. Motarsa tana waje ruwa yana dukanta, ɗakin da aka gina dominta kuwa jirgi ne a ciki, kwance a kan ƙafafu biyu na katako. Tsawonsa ya ɗan haura mita 5, faɗinsa bai wuce santimita 55 ba, siriri kamar kwanson wake, a rufe sama da ƙasa in ban da rami guda a tsakiya inda mutum zai zura ƙafafunsa ya zauna. Lokacin sanyi biyu ya yi yana haɗa shi, tsinke bayan tsinke. Abin da ya rage masa shi ne bakin ramin nan, ya ce kuma aikin yana son hannu huɗu. Ni kuwa ba ni da abin yi a wancan gari sai zaman taga da kallon masu wucewa.

Sunan irin wannan jirgi kayak, kalmar kuma ta mutanen Inuwit ce, mazauna Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Abin da ya fara kama hankalina a labarinsu shi ne ƙasarsu ta fi tamu talaucin icce nesa ba kusa ba. Mu ko ba komai muna da gawo da aduwa da magarya. Su kuwa a yawancin gaɓar tekunsu babu bishiyar da ta kai a sassaƙa. Itatuwan da suke aiki da su ruwa ne yake kwaso musu, wasu tun daga kogunan Saiberiya, su yi shekaru suna yawo cikin ƙanƙara kafin su faɗo gaɓa. Da waɗannan tsince-tsince namiji yake haɗa ƙashin jirgi, ba ƙusa ko ɗaya, sai turaku na icce da ɗauri na jijiya ko tsirkiyar fata. Mata kuma su ɗinke masa riga da fatar wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu, ɗinkin da ruwa ba ya ratsawa. Jirgin farauta ne na mutum ɗaya, ana auna shi da jikin mai shi kamar yadda tela yake auna wando.

Bakin jirgin kawanya ce ta icce da aka tanƙwara aka haɗa kai da kai. A jirgin Inuwit ba a kafe ta a jikin ƙashi, a jikin fata ake ɗinke ta. Amfaninta kuwa ya wuce ado. Maharbi yana sa wata riga ta fata da ake kira tuwilik, wadda take matse fuska da wuyan hannu, gindinta kuma a ɗaure shi tam a kewayen kawanyar nan, ta yadda mutum da jirgi za su zama abu guda da ruwa ba shi da ƙofar shiga. Idan igiyar ruwa ta kifar da shi, sai ya yi amfani da filafili da ƙugunsa ya juyo sama, ya ci gaba da tafiya. Idan kuwa kawanyar ta tsage, ko rigar ta zame daga kanta, ruwan da ya kusa zama ƙanƙara ya cika jirgin, to sai dai wani ikon Allah. Jiragen yau ma haka suke: akwai leɓe da yake fitowa a kewayen baki, inda ake maƙala wani zane mai roba da matuƙi yake ɗaurawa a ƙugu.

Da likitan ya gama yi mini wannan bayani, abin da ya zo mini a rai shi ne rufewa. Duk wanda ya bi ƙauyukan Adar, daga Buza zuwa Keita, ya ga manyan rumbunan ƙasa masu ciki kamar tulu, waɗanda ba su da ƙofa sai baki guda a bisa. Ta nan ake zuba damman gero, ta nan yaro yake zurawa ya miƙo su. Maginin kirki yakan ba bakin nan kauri da ɗan leɓe, domin nan ne ƙafa take taka, nan ne kuma hular ciyawa take zama ta kare ruwan sama. Idan bakin ya lalace, abincin shekara ne ya jiƙe. Na gaya masa haka, ya yi dariya ya ce to ashe ba baƙon aikin ba ne ni.

Ga yadda muka yi. Ya riga ya yanka wani kauri na katako a siffar ramin, wato kamar ƙwai: tsawo santimita 80, faɗi 42, gaba ya fi baya tsini. Wannan shi ne ma'auni, a kansa za a naɗa komai. Ya lulluɓe gefensa da leda mai manne domin kada gam ya kama shi. Sa'an nan ya kawo wani katako na iccen ƙasarsu da suke kira frêne, busasshe ƙarau, wanda ya shekara uku a ajiye. In da mutum zai gwada tanƙwara shi yadda yake, gwiwarsa ce za ta gaji. Sai ya tsaga shi da zarton inji, falle-falle, kowane falle kaurinsa milimita 2 da ɗan kai, faɗinsa santimita 3, tsawonsa fiye da mita 2. Falle ɗaya idan ka ɗaga shi sai ya yi ta lilo kamar kaba. Muka shafe guda takwas da gam, muka jera su bisa juna, muka kama su tare muna bi da su kewayen ma'auni sannu-sannu, ni ina riƙe da kai, shi yana bi da ƙarafan matsi yana ɗaurewa duk bayan faɗin tafin hannu. Ƙarafan nan sun kai arba'in. Ya kula ƙwarai kada mahaɗin falle biyu ya faɗo wuri ɗaya. Kowane falle inda kansa ya gamu da gindinsa dabam yake da na maƙwabcinsa, kuma a fiƙe suke a karkace, su hau juna, kamar yadda magini ba ya jera mahaɗin tubali a kan mahaɗi. Gam yana ta tsattsafowa ta kowace kafa, ya ce haka ake so, wurin da bai tsattsafo ba shi ne abin tsoro. Bayan kwana biyu aka ƙara wasu siraran falle a gefen sama kawai, su ne suka zama leɓe. Da aka kwance ƙarafan, abin ya fito daga ma'auni yana riƙe da siffarsa, bai buɗe ba ko da faɗin farce. Na sa gwiwa na danna, ko gezau.

Tun da malamin makaranta ne ni, ban iya barin abin ba sai da na zauna da alƙalami. Idan aka tanƙwara icce, bayansa miƙewa yake yi, cikinsa kuma ya takura. Icce yana da haƙurin takura, amma ba shi da haƙurin miƙewa: busasshe ba ya jure fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari kafin zarensa ya tsinke. Yawan miƙewar kuwa lissafinsa mai sauƙi ne, kauri ne a raba shi da faɗin da'irar da ake bi. A goshin bakin jirgin, inda lanƙwasa ta fi tsanani, faɗin da'irar kamar santimita 20 ne. Katako mai kaurin milimita 18 zai nemi bayansa ya miƙe kashi 9 cikin ɗari, wato ya karye tun ba a je ko'ina ba. Falle mai milimita 2 kuwa kashi ɗaya kacal ake nema a wurinsa. Iccen bai canza hali ba, yana nan a bushe yadda yake. Abin da aka rage shi ne nauyin da aka ɗora wa kowane falle.

Rabi na biyu na lissafin ya fi ba ni sha'awa. Mai karatu ya ɗauki littafi mai taushin bango ya lanƙwasa, zai ga gefen takardun ya zame, kowace ta ɗan gota 'yar'uwarta. Wannan zamewar ce take ba littafi damar lanƙwasuwa, ita ce kuma take ba shi damar komawa yadda yake. To idan aka manne takardun alhali suna a lanƙwashe, an hana su zamewa, ba su da hanyar komawa. Falle takwas da aka jera ba gam ƙarfinsu ninki takwas ne na falle ɗaya. Idan aka manne su suka zama jiki guda, ƙarfinsu wajen ƙin lanƙwasuwa takwas sau takwas sau takwas ne, wato 512. Na san a nan wani zai yi wuf ya kawo zancen tsintsiya da maɗaurinta, amma 'yan siyasa sun riga sun share ƙasa da wannan misali har ya ƙare, kuma ma bai dace ba: tsintsiya ɗaure take, kowane tsinke yana zamewa yadda ya so, shi ya sa take shara.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Saƙƙara ta ƙasar Masar an tono akwatin gawa na zamanin Fir'aunonin farko wanda aka yi da katako hawa shida. A Turai kuwa wanda ya yi suna da ita wani kafinta ne Bajamushe, Mika'el Tonet, wanda tun wajen 1830 yake manna siraran falle yana yin kujeru masu lanƙwasa a garinsu Boppard, kafin ya koma Biyana. Abin da ya ba shi wahala shi ne gam. Na zamaninsa daga fata da ƙashi ake dafa shi, kujerun da aka kai ƙasashe masu zafi da laima sai suka riƙa ɓarewa. Dole ya koma ga turara sandar icce sukutum da tururin ruwa, ya tanƙwara ta cikin ƙarfe. Da haka ya fito da kujerarsa mai lamba 14 a 1859, wadda aka sayar da kimanin miliyan 50 kafin 1930. Gam ɗin da ba ya tsoron ruwa sai a ƙarni na ashirin aka same shi. Wanda likitan ya yi aiki da shi ifoksi ne, ruwa biyu da ake gaurayawa su daskare kamar dutse. Mu ma mun san shi, shi ne Araldite da masu gyaran babur suke liƙe tanki da shi.

Wannan zance na gam ya sa na fahimci wani abu game da sana'o'inmu. Mu mutanen ɗauri ne da ɗinki. Ƙwarya ta fashe, gyartai ya ɗinke ta. Manyan jiragen da Bafaranshen nan Rene Kaye ya shiga daga Jenne zuwa Kabara, mashigar Tumbuktu, a 1828, allunan katako ne da aka ɗinke da igiya. Buduma na tabkin Cadi damman ciyawar ruwa suke ɗaurewa su yi jirgi. A gidajenmu kuma, duk wanda ya ga ana haɗa tsaikon ɗaki ya ga yadda ake yin tanka: ba a neman sanda ɗaya mai kauri a ce za a zagaya ɗaki da ita, tsumagun geza ko na sabara ake tarawa, sirara, a jera su kan wannan ya wuce gindin wancan, a bi su da igiyar kalgo ko ta kaba ana naɗewa har kawanya ta rufe. Tunanin ɗaya ne da na likitan Nant. Ƙaro da danƙon da muke da su ruwa yana narkar da su, rana tana gasa su su farfashe, saboda haka kakanninmu suka dogara ga igiya, suka kuma ƙware a kanta.

Da na dawo gida, sai na ga ina so in gwada abin da iccenmu. Akwai wani kafinta a Madawa wanda ɗalibina ne a shekarun baya. Bai ci jarrabawar shiga kwaleji ba, sau biyu yana zama, daga nan aka ce da mahaifinsa ya nema masa abin yi. Yau yana da shago da yara huɗu masu koyo, kuma rabin ƙofofin unguwarsu shi ya yi su. Na kai masa hotuna da zanen da na kwafo a takardar siminti. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, “Mushe, ina jirgin da za a sa ma bakin?” Na ce babu. Ya ce, “To, mu yi bakin, wataƙila jirgin ya ji labari ya zo.”

Iccen da muka zaɓa bedi ne, wanda wasu ke kira dogon yaro, a Nijeriya kuma darbejiya. Baƙo ne daga Indiya, zamanin Turawa ya shigo, amma yau babu garin da ba shi da shi. A kwarin Majiya ta ƙasar Buza, tun daga 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoma suka yi ta dasa shi layi bibbiyu, tsakanin jeri da jeri kamar mita 100, domin ya tare iskar da take kwashe ƙasar gona. A Keita ma, aikin da ƙasar Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984 ya dasa miliyoyin itatuwa a kan duwatsu da fako, kuma mata ne suka yi mafi yawan wahalar, ana biyansu da abinci. Ni shaida ne cewa waɗannan ayyuka sun canza fuskar ƙasa. Amma ina amfanin iccen yake ƙarewa? Turakun rumfa, da gungumen rufin ɗaki, da murhu. Kafintocinmu har yanzu katakon kurmi suke saye, wanda ya yi tafiyar kwana da kwanaki a mota daga kudu, domin iccenmu gajere ne, karkatacce, mai yawan gaɓa, ba a samun dogon allo a jikinsa. Dabarar falle kuwa ba ta neman dogon allo. Guntu mai tsawon hannu ya isa, in dai za a fiƙe kansa a haɗa shi da wani, a kuma rarraba mahaɗan. Bedi dangin maɗaci ne, gara ba ta cika sonsa ba, idan aka goge shi kuma ja yake yi mai kyau.

Sai dai yana da taurin kai. Zarensa ba ya tafiya miƙe, saƙa yake yi, wani ya bi dama wani ya bi hagu. Fallen farko da aka tsaga, da muka kai goshin ma'auni, sai ƙas, ƙas, uku a jere. Lokacin kuwa watan Disamba ne na 2019, hunturu ya busar da komai har leɓen mutum tsagewa yake yi. A nan ne na koma ɗan kallo, yaron nan ya karɓi aikin. Ya rage kaurin fallen har ya kusa zama kamar bangon littafi, ya ƙara yawansu zuwa goma sha biyu. Ya naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu suka kwana, da safe ya lanƙwasa su a kan ma'auni ba tare da gam ba, ya bar su kwana uku suka bushe a haka, domin ifoksi ba ya kama jiƙaƙƙen icce. Da aka kwance su sun riga sun koyi rabin hanya. Ƙarafan matsi kuwa guda shida gare shi duk shagon. Sai ya aiki yaro wurin mai faci ya sayo tsofaffin tub na babur, ya yanka su tsiri-tsiri, ya huda ma'aunin a tsakiya, ya yi ta naɗa robar yana ja da ƙarfinsa, zagaye bisa zagaye. Matsin da roba ta yi ya fi na ƙarfe daidaito, don babu tazarar da ta bari. Da na aika wa likitan hoton, ya rubuto cewa da ya san haka da bai kashe kuɗinsa a kan ƙarafa arba'in ba.

Gam ne ya ci mana kuɗi da lokaci. Nijeriya ta rufe iyakarta tun watan Agusta na wannan shekara, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020, kayan da muka saba samu daga Sakkwato da Kano suka yi tsada suka yi wuya. Wanda yake a kasuwa mai saurin kamu ne, na minti biyar, ba ya ba mutum damar shafa falle goma sha biyu. Sai da muka jira mako uku kafin wani ɗan kasuwa ya samo mana mai jinkiri. Shi ma ɗin zafi yana gaggauta shi: duk ƙarin awo goma na zafi yana rage kusan rabin lokacin da yake bayarwa. Saboda haka bayan sallar asuba muka yi aikin, da fitila, an yayyafa ruwa a ƙasa an rufe ƙofa saboda ƙura, hannuwanmu cikin leda domin abin yana cin fata. Farin gam na kafintoci da yake ko'ina da araha ba zai yi bakin jirgi ba, ruwa yana sassauta shi. Amma ga kayan cikin ɗaki ya wadatar, wannan kuwa yaron ya riƙe shi a ransa.

Mahaifinsa, wanda tsohon mai jinka ne, ya zo da hantsi ya tarar da abin a naɗe cikin baƙar roba. Ya zagaya shi, ya tambayi ɗansa yadda aka jera mahaɗan, ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, “Malam, wagga ai tanka ta. Ku kun sa mata gam, mu muna sa mata igiya. Har Faransa ka tai ka gano ta?”

Tambayarsa ta fi ƙarfin wasa, ko da yake da wasa ya yi ta. Abin da na gano a Faransa, wanda babu shi a nan, shi ne likita da zarto a hannu. Mutumin nan ya yi karatu mai zurfi, yana da abin da zai sayi jirgin roba goma, amma ya zaɓi ya ɓata shekara biyu yana shaƙar garin katako, kuma maƙwabtansa girma suke ba shi a kan haka. A wurinmu kuwa, daga ranar da yaro ya sami takardar shaida, hannunsa ya haramta ga gizago. Sassaƙa da jinka da ƙira an bar wa waɗanda suka gada, ko waɗanda makaranta ta tofar. Sakamakon haka, mai lissafi bai san icce ba, wanda ya san icce kuma an gaya masa tun yana ɗan shekara goma sha uku cewa ba shi da kan lissafi. Lissafin kauri da faɗin da'ira da na yi bayani a baya na aji shida ne. Da na rubuta wa kafintan nan shi a bayan allo, kafin in ajiye alli ya riga ya gaya mini kaurin da zai bukata in da za a yi kawanyar rariya mai faɗin santimita 30. Wannan shi ne yaron da takarda ta ce bai iya rabawa ba.

Ba na so mai karatu ya ɗauka ina cewa kayak ne maganin wata matsala tamu. A daminar 2024, da ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta rusa gidaje a Maraɗi da Tawa da Damagaram, wani abokina ya ce mini ga ranar jirginka ta zo. Ba ta zo ba. Jirgin mutum ɗaya ne, ba ya ɗaukar tsohuwa ko buhun gero, kuma wanda bai koya ba kifewa zai yi tun bai bar gaɓa ba. Wani masunci da ya saba aiki a Tabalak ya ga bakin a shago, ya zura ƙafa ɗaya ya fitar, ya ce shi ba zai shiga abin da ba shi da wurin ajiye taru ba, kuma idan ya kife yana so ya faɗo waje ne, ba ya so jirgi ya riƙe shi. Gaskiyarsa, ruwanmu ba ya kashe mutum da sanyi.

Bakin dai yana nan rataye a bangon shagon, ya ga damina da bazara da dama, babu fallen da ya ɗaga. Yaran shago sukan sauko da shi su ɗora a kan tubali biyu, ƙato ya hau ya yi tsalle, don su ci kuɗin goro a wurin baƙo. Maigidansu kuwa ya fara yin kujeru masu lanƙwasasshen majingini da guntayen bedin da a da yake sayar wa masu tuya, matan ma'aikata suna saye, wasu ma ba su yarda a Madawa aka yi su ba sai sun ga ma'aunin. Ya kuma yi wa wani makaɗi kawanyar ganga guda biyu, sai dai makaɗin ya ce sun yi nauyi, ya koma wa tsumagiyarsa.

Kwanan baya da na bi ta shagon, ya tare ni da zancen sauran jirgin. Ya ce in sa ɗana ya karɓo mana zanen gaba ɗaya daga wurin likitan, shi ya riga ya fara ware guntaye masu miƙaƙƙen zare. Na tuna masa cewa tsawon abin ya haura mita 5, shagonsa kuwa da ƙyar ya kai 4. Ya dubi bangon gabas, ya dubi na yamma, ya ce, “Mushe, wancan na ƙasa ne, ba shi da wuyar hudawa.”